Kafin Ki Sa Hannu a Kan Fuskar Ya Falmata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Legas lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Na ce wa Abbanki kada ya miƙa miki ita sai kin zauna a mota, don na san idan a gida kika karanta za ki zo ki tsaya a kaina kina cewa, "Umma, me kike nufi?" ni kuma in sunkuyar da kai in ce ba komai. Kin san halina. Har na kawo wannan shekarun ban iya kallon idon mutum in faɗa masa abin da ba ya son ji ba, ko da ni na haife shi. A takarda kaɗai bakina yake buɗewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro: takardar da mutanen kamfanin nan suka ce za ki sa wa hannu idan kin isa, wadda za ta mallaka musu Hajja Mai Kasko, matar da kike zanawa a littattafanki. Hankalina bai kwanta da ita ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki ɓata rai.

Na san abin da za ki fara cewa: dama Umma ba ta taɓa son zanen nan ba. Da gaskiyarki, amma a farko ne. Lokacin da kike ƙaramar sakandare kina cika bayan littattafan makaranta da wasu ƙarti masu ƙirji kamar buhun gero, sanye da kaya ɗamamme, waɗanda kike kwaikwayowa daga littattafan zane na Turawa da 'ya'yan Kawunki suke kawowa, tattara littattafan Turawan na yi na cusa ƙarƙashin katifa. Ban buɗe ko ɗaya ba. Bango kawai na gani na yanke hukunci cewa za su lalata ki. Abin dariya, ni ce fa wadda Innata ta sha bi da tsintsiya a kan littattafan soyayya, ni ce mai ɓoye su cikin kwanon sha a rufe da faifai. Da girma ya zo sai na manta, na yi miki abin da aka yi mini.

Sai da kika daina zana ƙartin kika koma zana lungunmu sannan na gane na yi wauta. Littafinki na farko, wanda kika kai aka yi fotokofi aka ninke aka ɗinke tsakiya, a kicin na karanta shi a tsaye, miya tana ta tafasa ban sani ba. Ga kwatar bayan masallaci, ga kurar mai ruwa da tayarta ɗaya a karkace, ga akuyar gidan liman a kan dakali. Sannan ga Hajja Mai Kasko, tana raba rigimar unguwa da harshe da harara. Kin canza mata suna, amma kin bar mata tsagar Barebari a kumatu, da wushiryarta, da yadda take jan lafaya a kafaɗa idan za ta faɗa wa mutum gaskiya. Babu yaron da zai buɗe shafin a Mandawari bai ce, "Ga Ya Falmata mai turaren wuta" ba. Maƙwabciyarmu ce katanga ɗaya, matar marigayi Malam, wadda ta goya ki a bayanta wata da watanni sanda na kwanta ciwo bayan haihuwar ƙaninki.

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan sake zargin abu ba sai na buɗe na duba. Ke ma ki riƙe wannan, a wurin aiki da wurin zama da mutane. Shi ya sa a wannan karon sai da na duba. Na duba ɗin, zargin kuma bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi.

Kada ki ɗauka raina littattafan manyan kamfanoni nake yi. Na karanta wanda kika kawo, mai takarda mai sheƙi da kaloli kamar sabuwar atamfa. Ban tashi ba sai da na kai ƙarshe. Sun iya riƙe mutum, kowane shafi yana ƙarewa ne daidai inda ba za ki iya ajiyewa ba. Na ga yadda ƙannenki suke kokawa a kansa, na kuma san zai je garuruwan da naki na fotokofi ba zai taɓa zuwa ba. Duk mai zane zai so hannunsa ya kai can, ban ga laifinki ba. Amma da na rufe shi babu wanda na tafi da shi a zuciya, duk mutanen ciki kamar uwa ɗaya ta haife su. Naki kuwa baƙi da fari ne, wani shafin ma tawada ta yi masa yawa, amma akwai abin da kike yi wanda har yanzu yake ba ni mamaki. A akwatin zane ɗaya Hajja ta ɗaga gira. A na gaba, mutumin da ya riƙe wa maƙwabta turmi yana ɗauke da shi a ka yana mayarwa. Ba ki rubuta abin da ta faɗa masa ba, amma duk wanda ya san ta ya ji shi a kunnensa. Ita kanta Ya Falmata da ba ta karanta boko, tana riga jikarta dariya tun kafin a karanta mata. Wannan daɗin namu ne, mu da muka san matar, muka san mijinta, muka san ba ta taɓa cutar kowa ba.

Ni da na tashi da littafin rubutu, akwai bambancin da na daɗe ina juyawa a raina. Idan marubuciya ta ce saurayin dogo ne mai yawan shiru, sauran aikin nawa ne. Ni nake ɗora masa fuska, in zauna a soro ina cire wa shinkafa tsakuwa ina gyara masa hanci. Kowace yarinya a layinmu da irin nata, ba a ari fuskar kowa ba. Littafin zane ba haka yake ba. Shi fuskar yake ba ki a hannu, fuskar kuma daga wani wuri aka samo ta. Taki daga bayan katangarmu kika samo.

Yanzu bari in zo kan baƙon da kamfanin ya turo. Ranar da ya zo, bayan sun gama da Abbanki a zaure, aka shigo da shi ya gaishe ni. Ya durƙusa har ƙasa, "Mama, ina wuni, ya ƙoƙari, ya haƙuri da mu." Hausarsa tas kamar ta gidan rediyo. Gaisuwar ta yi kyau har ta wuce misali. Ya yaba zoɓon da na aika tun kofin yana kan tire bai kai baki ba. Kina ta murna, ni kuma ina bayan labule ina sauraro. Da na samu ƙarfin hali na ce, "Malam, idan kun karɓe ta, wa zai riƙa faɗin abin da za ta yi a labarin?"

Ya ce, "Ai mutane ne da yawa, Mama, zama ake yi a tattauna. Ummi ma tana ciki."

Na ce, "To idan Ummi ta ce a'a fa?"

Ya yi dariya ya juya wajen Abbanki. "Alhaji, ashe lauya kake aure ba ka faɗa mana ba."

Kowa ya yi dariya, har ke. Aka wuce wurin, bai amsa ba. Da zai tafi na leƙa ta taga, na ji yana tambayar yaran layi wace ce ƙofar Hajja. Suka nuna masa. Bai shiga ya gaishe ta ba. Waya ya ciro, ya riƙe ta ƙasa-ƙasa wajen cinyarsa ya ɗauki hoton ƙofar ya wuce. Mai niyyar alheri ba ya ɓoye hannunsa haka.

Na faɗa wa Abbanki, ya ce, "Ke dai littattafan nan sun cika miki kai da mugaye masu murmushi. Yaro mai ladabi ya zo, kin mai da shi ɗan fashi."

Na ce, "Alhaji, kai da kake kasuwar Kurmi ai ka fi ni sanin mai yaba kaya tun ba a kwance ba."

Ya ce, "Shi ne yake saye da tsada wani lokacin."

Na ƙyale shi, don ba na iya ja da shi. Amma da kika tafi wajen tela na ɗauko shafukan gwajin da baƙon ya bar miki, waɗanda masu zanensu suka yi don su nuna yadda Hajja za ta koma a hannunsu. Na san kin kalle su har sun yi laushi, na kuma san abin da kika gani: kala, da haske, da Hajjarki tana tashi sama a kan gajimaren hayaƙi, ga sunanki a ƙasa. Ni abin da na gani daban. Sun canza komai, gidan, unguwar, har kaskon sun mai da shi na zinare, amma fuskar ba su taɓa ta ba. Tsagar tana nan, wushiryar tana nan. Sannan a wani shafi hayaƙin kaskonta ya miƙe kamar hannu ya shiga hancin wani mutum, idonsa ya juye ya yi fari, ya zube a gaban wata mata yana yin duk abin da ta ce.

Ummi, a can inda za ki, wannan jarumta ce. A Mandawari kin san sunansa. Asiri ne.

Kafin in faɗa miki abin da nake tsoro, bari in ba ki labarin tawa fuskar, wanda ban taɓa ba ki ba sai dai ƙila kin tsinta a bakin tsofaffi. Ina 'yar shekara sha shida, wata ƙaramar Salla, muka je gidan hoto a wajen Jakara ni da ƙawata. Ni a lokacin ko sallama a gidan mutane sai an ce in ɗaga murya. Duniyata duk tana cikin littattafan da nake haya, ina tafiya a hanya ina hira da mutanen da babu su. Mai hoton ya tsayar da ni gaban labule mai zanen lambu, ya ba ni furen roba na riƙe. Da muka koma karɓa ya ɗaga nawa ya ce, "Wannan ya yi kyau. In riƙe ɗaya?" Na kalli yatsun ƙafata. Ya ce, "To, na gode." Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Har gida ina ƙiyasta wani zai gan shi a gilashin shagon ya tsaya ya ce wace ce wannan.

Bayan wasu watanni na je rumfar mai hayar littattafai, sai ga ni a jikin igiya an rataye. Fuskata ce a bangon sabon littafi, da furen roba da komai, an rubuta sunan wata a ƙasa. Na karɓa, na kai gida na karanta a ɓoye. Yarinyar labarin maƙaryaciya ce, ta ci amanar aminiyarta, ta gudu daga gidan iyayenta a motar wani. Wautar ƙuruciya, duk da haka sai da na yi kwana biyu ina ɗauko littafin ina kallon kaina. Sannan samarin lungu suka fara kirana da sunanta. A Islamiyya malama ta ce in tsaya bayan an tashi, ta tambaye ni ko akwai abin da nake son faɗa mata. Mata suka riƙa shigowa wajen Inna da gaisuwar da ba gaisuwa ba, "Ashe 'yar taki ta shiga littafi."

Yayana ya je wajen mai hoto a fusace. Mutumin ya ce, "Ai na tambaye ta, ba ta ce a'a ba." Gaskiya ya faɗa. Ya ce shi mai buga littafi ya ba wa. Mai bugawa ya ce shi a cikin tarin hotuna ya zaɓa, bai san 'yar waye ba. Marubuciyar kuwa aka ce ba ta ma ga bangon ba sai a kasuwa. Yaya ya dawo gida babu wanda ya kama, don kowa ɗan guntun laifi ya ɗauka, guntun kuma bai isa a yi faɗa a kansa ba. Sunan nan ya bi ni har gidan Abbanki. Akwai tsohuwar da har ta rasu da shi take kirana, ba da mugunta ba, ta manta ne ba nawa ba ne.

Abu biyu nake so ki cire daga wannan. Na farko, idan fuska ta fita daga hannun wanda ya san mai ita, hannu-hannu take bi, kuma ranar da abu ya ɓaci ba za ki samu wanda za ki riƙe ba. "Zama ake yi a tattauna" ɗin da baƙonki ya faɗa, na taɓa jin irinsa. Na biyu ya fi muhimmanci. Kin ce mini kin tambayi Ya Falmata ta ce, "Yi abinki, 'yata." Ummi, kai tsaye kika je kika tambaye ta, ke da ta goya. Ta yaya za ta kalli idonki ta hana ki? A garin nan ba a tambayar babba abu mai nauyi baki da baki, aike ake yi. A tura wanda za ta iya ce wa a'a ba tare da ta ji kunya ba, shi kuma ya kawo amsar a rufe. Kin yi karatu, kin iya zane, amma wannan ya wuce ki, ni kuma laifina ne da ban koya miki ba. Duk inda kika je, idan kin nemi abu a wurin wanda yake jin nauyinki, ki bar masa ƙofar da zai ƙi.

Wataƙila ki ce ai zane ne, wa zai ɗauka da gaske? Bari in faɗa miki yadda abin yake tafiya, don na taɓa zama cikin masu tafiyar da shi. Ina amarya akwai wata mata a wajen Goron Dutse, humrarta babu irinta, har daga wajen gari ake zuwa saye. Wata rana a gidan suna wata ta ce, tana dariya, mijin wance tunda matarsa ta fara sayen humrar can ko tari ba ya yi sai da izininta, "humrar nan ba haka kawai ba." Aka yi shewa aka tashi. Ban yarda da maganar ba, wallahi ban yarda ba. Amma da tawa ta ƙare sai na aika wani gidan. Na ce wa kaina ya fi kusa. Babu wadda ta je ta tuhume ta, ƙofarta kawai muka riƙa wucewa. Abin da ya fi muni, wasu sababbin masu saye suka fara zuwa mata, masu rufe fuska su rage murya su ce a ba su "na musamman." Matar ta yi rantsuwa har ta gaji. Daga baya na ji ta bar sana'ar ta koma suyar awara. Mai sayar da ƙamshi ga matan aure a bakin wannan ramin take zaune kullum, magana ɗaya ce take tura ta. Wancan karon a gidan suna aka faɗa, iska ta ɗauka. Wannan karon da kala za a buga, da tsagarta, a saka a wayar kowane yaro.

Don haka na yi abin da ya kamata a yi tun farko, na zama 'yar aikenki ba tare da kin aike ni ba. Shekaranjiya da hantsi na sa shafukan cikin hijabi na shiga gidanta. Na same ta a tsakar gida ta baza itacen sandal a tabarma tana tsincewa, ga kajiji a turmi.

Ta ce, "Amarya, yau an tuna da mu. Ina Bafulatanin mijin nan naki, bawana? Ki ce masa ya zo ya daka mini kajiji."

Na ce, "Ya ce shi ba ya yi wa Barebari aiki sai da lada."

"Ladansa a lahira. Zauna."

Na zauna na kasa farawa. Sai da ta ce, "Abin da ke cikin hijabin nan zai fito ko sai na sa hannu?" sannan na miƙa mata. Ta goge hannu a lafaya ta karɓa. Da ta ga kanta a sama kan hayaƙi, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Ashe ina tashi ban sani ba, nake ta wahalar da gwiwa a hanyar asibiti. Dubi kaskon, na zinare. Ummi ta yi mini arziki." Ta ci gaba da buɗewa tana dariya. Sai ta zo shafin.

Ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake matsowa. Ta ce, "Wannan bawan Allah me ya same shi?"

Na ce, "Hayaƙi ne ya shiga hancinsa."

"Hayaƙin wa?"

Ta ɗora yatsa a kan tsagar da ke takardar, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Malam ya yi shekaru yana karantarwa a zauren can, bai taɓa rubuta wa mace abin juya miji ba. Bayan rasuwarsa mata sun zo mini har da kuka, su ce in sa musu wani abu a ciki. In ce musu turarena ƙamshi ne kawai, ki je ki gyara halinki." Ta ɗago. "Ummi ce ta zana wannan?"

Na ce, "A'a, mutanen can ne."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ta kife shafin a kan tabarma, ta ɗora guntun sandal a kai kamar iska za ta ɗauke. Na ce mata har yanzu ba ki sa hannu ba, idan ba ta so a fasa. Sai ta kama hannuna ta ce, "Amarya, kada ki faɗa mata. Yarinya ta samu hanya, ba tsohuwa ce za ta tare ba. Ni nawa ya rage? Ki ce na gani na yi dariya. Ai na yi dariyar."

Na ce mata to. Ga shi kuma na faɗa miki, don aikin ɗan aike ke nan, ya kawo amsar da aka ba shi da wadda aka kasa ba shi. Allah Ya yafe mini saɓa mata.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Idan kin isa gidan Kawunki ki huta, kada ki bari a ɗauke ki daga tasha a wuce da ke ofis kina jiri. Takardar nan kada ki sa mata hannu a ranar da aka ba ki, ko sun ce kowa haka yake yi. Ki ce za ki kai gida. Kawunki ya nemo wanda ya san doka, wanda ba su suka kawo shi ba, ya karanta muku da Hausa layi-layi. Ki yi musu tambayar da na yi ba a amsa ba: idan kin ce a'a, me zai faru? Idan suka yi dariya ki jira su gama, ki sake tambaya. Jinina yana jikinki, na san yadda za ki ji, ido zai nemi ƙasa. Kada ki kalli ƙafarki. Ki kalli goshin mai maganar idan idonsa ya yi miki nauyi.

Ba cewa nake ki ƙi aikin ba. Hannunki suke so, to ki ba su hannunki. Ki zana musu wata matar, wadda ba ta da ƙofa a Mandawari, ki haɗa ta daga hancin wannan da goshin waccan yadda nake haɗa nawa mutanen a soro. Ita su sa ta tashi sama, su ba ta hayaƙi ko walƙiya, babu wanda zai daina sayen turarenta. Hajja Mai Kasko kuwa ki bar ta a littafinki na fotokofi, inda ke kaɗai kike faɗin abin da za ta yi, masu karantawa kuma sun san ta. Idan sun ce ba sa son kowa sai ita da wannan fuskar, to kin gane ba hannunki suka zo nema ba.

Mai yiwuwa ne na zalunci baƙon nan. Ƙila mutanen kirki ne da ba su san garinmu ba, ba su san abin da hayaƙi a hancin namiji yake nufi a nan ba. In haka ne, da kin yi musu bayani za su ji, ni kuma in nemi gafarar Allah a kan zatona, in bar Abbanki ya yi mini dariya har shekara. In kuwa ba su ji ba, ki ɗauko jakarki ki dawo. Babu wanda zai ce kin gaza. Wanda ya faɗa, ni zan amsa masa, ko da a takarda ne.

Idan kin buɗe jakarki, a ƙasa cikin zanin wankanki akwai kwalba. Da na miƙe zan fito daga gidanta, Ya Falmata ta ce in tsaya. Ta shiga ɗaki ta ciko ta da turaren da take ajiye wa kanta, wanda ba ta sayarwa. Ta ce, "Ki sa mata a kaya, ɗakin baƙunta ba ya rasa wari. Amma ki ce kada ta turara jikinta ranar da za ta wajen mutanen nan. Kada su ji maganarta a ce ni ce na juya su."

Ta yi dariya. Ni na kasa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya rufe idon mugu daga kanki. Ya ba ki bakin da bai ba ni ba a lokacin da kike buƙatarsa. Ya sa albarka a hannunki, Ya sa kada ya zama sanadin kukan kowa. Ki kula da salla a kan lokaci, ki gaishe da Kawunki da iyalinsa. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Mandawari.